Kasuwa Ko Zaure: Inda Mai Neman Likitanci A Amurka Ya Kamata Ya Fara

 Ga wata magana wadda ta shafi kowane uba da ya ke da ɗa mai ƙwazo, kuma zuciyarsa ta ke raya masa ya aika da shi ƙasar Amurka ya koyo aikin likita. Maganar ta shafi dukiya mai yawa, ta shafi shekarun ƙuruciyar yaro waɗanda ba su komowa, saboda haka ta cancanci a zauna a warware ta daki-daki.

A Nijeriya da Ingila, yaro in ya gama sakandare da sakamako mai kyau, kai tsaye ya ke shiga makarantar likita, ya yi shekara biyar ko shida ya fito. Amurka ba haka ta ke ba. A can, in ban da 'yan tsirarun makarantu masu haɗa karatun biyu, ba a buɗe wa mutum ƙofar makarantar likita sai ya fara yin shekara huɗu a wata makaranta dabam ya sami digiri na farko. Sa'an nan ya nemi shiga, in an karɓe shi ya ƙara shekara huɗu, bayan nan kuma ya yi shekara uku zuwa bakwai yana ƙwarewa a asibiti ƙarƙashin manya. To, waɗannan shekaru huɗu na farko su ne abin magana a nan, domin wurin yin su iri biyu ne. Akwai babbar jami'a mai ɗalibai dubu 30, ko 50, ko fiye, kamar ta Michigan ko ta Jihar Ohio. Akwai kuma ƙaramar kwaleji wadda ɗalibanta duka ba su wuce dubu biyu ko uku ba, kamar Amherst, da Williams, da Grinnell. Ta farko kasuwa ce, ta biyu zaure ne.

Wannan tsari yana da asali. A ƙarni na 19 makarantun likita na Amurka da yawa shaguna ne kurum na neman kuɗi: wanda ya biya ya zauna ya saurari lacca na 'yan watanni, a ba shi takarda, ya tafi ya yi ta gwaji a kan bayin Allah. A 1893 aka buɗe makarantar likita ta Johns Hopkins a birnin Baltimore. Kuɗin ginin ya gaza, sai wata mace, Mary Elizabeth Garrett, 'yar wani shugaban kamfanin jirgin ƙasa, ta cika da fiye da dala 300,000, amma bisa sharaɗi: a karɓi mata daidai da maza, kuma kada a karɓi kowa sai mai digiri, wanda ya san kimiyya, ya ke kuma iya karanta Faransanci da Jamusanci. Malaman kansu sun ji tsoron ba za a sami ɗalibai ba. Aka samu. Daga baya, a 1910, wani malamin makaranta mai suna Abraham Flexner, wanda shi kansa ba likita ba ne, ya zaga makarantun likita 155 na Amurka da Kanada, ya rubuta rahoto ya tona asirin mafi yawansu. Cikin shekara 20 wajen rabinsu suka rufe ko suka haɗe da wasu, waɗanda suka saura kuwa sannu a hankali suka bi sawun Johns Hopkins.

Yanzu a dubi ƙofar da yaro za ya ƙwanƙwasa bayan shekara huɗun. A 2023 mutum fiye da dubu 52 suka nemi shiga makarantun likita masu ba da digirin MD, waɗanda suka shiga ba su cika dubu 23 ba. Watau fiye da rabi sun koma gida. Abin da masu gadin ƙofa su ke dubawa sananne ne. Suna duba makin da yaro ya tara cikin shekara huɗu, wanda ƙololuwarsa 4 ce, waɗanda a ke ɗauka kuwa matsakaicinsu ya kusa 3.8. Suna duba jarrabawar da a ke kira MCAT, wadda a ke yini ana yi, fiye da sa'a bakwai, makinta daga 472 zuwa 528, masu shiga kuwa suna wajen 511 ko 512. Suna duba ko yaro ya taɓa tsayawa kusa da majiyyaci, ko ya taɓa aikin bincike. Sa'an nan suna karanta wasiƙun shaida daga malaman da suka koya masa. Sunan makaranta yana da ɗan nauyi, ba a musu, amma ba ya goge maki mara kyau, ba ya kuma rubuta wasiƙa.

Ga abin da ya fi daidai bisa ga wannan: yaro na tsaka-tsaki cikin masu ƙwazo, wanda shi ne mafi yawa, zaure ya fi masa kasuwa, muddin zauren ba za ya jefa gidansu cikin bashi ba. Hujjojin suna tafe, tare da wuraren da maganar ba ta ci ba.

Babbar jami'a ba abin rainawa ba ce. Sau da yawa tana da asibitinta na koyarwa a cikin harabarta, da ɗakunan gwaje-gwaje ɗari-ɗari, da shaihunan malamai waɗanda duniya ta san da su. Jami'o'i irin su ta Kalifoniya da ke Los Angeles, da ta Michigan, da ta Florida, su ne kan gaba wajen yawan masu neman shiga likita kowace shekara. Amma mai hankali ya lura da kalmar: yawan masu nema aka ce. Ba a ƙidaya waɗanda suka shigo shekarar fari da niyyar likita, suka watsar da ita kafin shekara ta biyu ta ƙare ba, su kuwa suna da yawa ƙwarai.

Inda a ke zubar da su sananne ne ga kowa a can. Akwai darussan farko na ilmin sinadarai da ilmin halittu, musamman wani reshe mai wuya na sinadaran da aka gina jikin mai rai da su, wanda ɗalibai su ke ɗauka tamkar rariya. A babbar jami'a ana karantar da shi a zaure mai cin mutum ɗari uku ko biyar. Shaihin malami yana can ƙasa da abin ƙara murya, yaro yana can sama kamar mai kallon dambe daga kan katanga. Mai duba aikinsa da amsa tambayarsa wani babban ɗalibi ne mai neman digirin ƙoli, wanda shi ma nasa karatun ya sha masa kai. Malaman allo sun san irin wannan: tsangaya in ta cika ta batse, gardi ne ke biya wa ƙolo, malam kuwa sai a hange shi. Akwai gardin kirki, amma ba don gardi uba ya ɗauko ɗansa daga garinsu ba. Ƙari a kan haka, a azuzuwa da yawa ana auna makin yaro ne da na 'yan'uwansa, saboda haka nasarar na kusa da shi hasararsa ce, sai kowa ya riƙa ɓoye littafinsa.

Wani abu da ya faru a Jami'ar New York a 2022 ya bayyana wannan sarai. Wani dattijon malami, Maitland Jones, wanda ya yi shekara 40 da 'yan kai yana koyarwa a Princeton, ya kuma wallafa littafi sananne a wannan fanni, yana da ɗalibai 350 a darasinsa. Mutum 82 daga cikinsu suka sa hannu a takardar kuka, suka ce darasin ya yi tsanani, makinsu ya lalace. Jami'a ta ƙi sabunta masa aikinsa. Aka yi ta gardama a jaridu, wasu suka ce yaran zamani ragwaye ne, wasu suka ce malam ne ba ya sauraro. Ko wane ne mai gaskiya, abin lura shi ne malami da almajiransa sun kai ga ba su da hanyar magana da juna sai ta takardar ƙara. A aji mai mutum 25 da wuya abu ya kai nan, domin tun makon uku malam ya ga fuskar wanda ya ɓace.

Sai maganar wasiƙar shaida, wadda ita ce masu wannan shafi za su fi kowa ganewa. Malami ba ya ba da ijaza ga wanda bai zauna gabansa ba, falke kuma ba ya tsaya wa baƙo a wurin mai kaya sai ya san shi ciki da bai. Makarantun likita suna neman wasiƙu daga malaman kimiyya, masu karanta su kuwa sun karanta dubbai, sun san bambancin wadda ta ce wane ya zauna a ajina ya ci maki mai kyau, da wadda ta ce wane ya yi damina biyu yana aiki a ɗakin gwajina, gwajinsa ya lalace sau uku bai karaya ba, bai kuma taɓa gyara lissafi don ya yi kyau ba. Ta farko takarda ce kawai. A ƙaramar kwaleji babu masu neman digirin ƙoli, saboda haka malam in yana bukatar hannu a bincikensa, dole ɗan shekara 19 ɗin nan za ya kira. A babbar jami'a yaron yana iya shekara guda yana wanke kwalabe kafin shaihi ya riƙe sunansa.

Misalin da ya fi kowane ƙarfi yana birnin New Orleans, a Jihar Louisiana. Akwai wata makaranta can, Xavier, wadda wata mai hidimar cocin Katolika, Katharine Drexel, ta kafa domin baƙar fata, ta zama kwaleji a 1925. Sunanta jami'a, amma ɗalibanta wajen dubu uku ne, ba ta da dukiyar a zo a gani, yaranta da yawa 'ya'yan talakawa ne waɗanda suka fito daga makarantun sakandare marasa ƙarfi. Duk da haka ta yi shekaru masu yawa tana kan gaba, ko dab da gaba, a Amurka duka wajen yawan baƙaƙen ɗalibai da ta ke turawa makarantun likita su kuma gama. Ta tsere wa jami'o'in da suka ninka ta sau goma. Yaya aka yi? Shugabanta, Norman Francis, wanda ya riƙe ta daga 1968 zuwa 2015, tare da wani malamin sinadarai, J. W. Carmichael, sun juya rariyar nan ne suka mai da ita tsani. Suka sa malaman shekarar fari suka yarda da manhaja ɗaya, suka rubuta littattafan bita da kansu da harshe mai sauƙi. Ana gwada yara a kai a kai, ba a jira ƙarshen zango. Wanda ya fara zamewa a kira shi tun da wuri, a haɗa shi da mai taimakonsa. Aka hore su su riƙa karatu ƙungiya-ƙungiya, wanda ya gane ya ja wanda bai gane ba. Tun shekarar fari kuma a ke bin kowane yaro da lissafin abin da za ya shirya na neman shiga, mataki-mataki. Babu wani sihiri a ciki, tilawa ce da muraja'a da idon malam. Amma irin wannan ido ba ya yiwuwa sai inda a ke iya ƙidaya kawuna.

Akwai kuma manyan mutane da suka bi ta zaure. Charles Drew, wanda ya gyara hanyar adana jini a ajiye don majiyyata, a Amherst ya gama a 1926 kafin ya tafi McGill ta Kanada. Harold Varmus adabin Turanci ya karanta a Amherst, makarantar likita ta Harvard ta ƙi shi har sau biyu, Columbia ta karɓe shi, a 1989 ya sami kyautar Nobel kan asalin ciwon daji. Anthony Fauci, wanda ya shugabanci cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka daga 1984 zuwa 2022, Girkanci da Latin ya karanta tare da kimiyya a ƙaramar kwalejin Holy Cross. Thomas Cech, ɗan Grinnell, wanda shi ma ya sami Nobel a 1989 a fannin sinadarai, ya yi rubutu a 1999 inda ya nuna cewa in an auna bisa yawan masu gamawa, ƙananan kwalejoji suna fitar da masu kai wa digirin ƙoli na kimiyya kamar ninki biyu na sauran makarantu. Sai dai a yi adalci: lissafinsa na masu bincike ne, ba na likitocin asibiti ba, kuma kwalejojin da suka yi suna tun farko zaɓaɓɓun yara su ke ɗauka. Wanda ya sayi ingarma bai kamata ya yi alfahari da ciyawar bargarsa ba. Shi ya sa hujjar Xavier ta fi ta Amherst nauyi.

To, ina maganar ba ta ci ba? Da farko akwai yaron da ya iya kasuwa. Wani yaro tun yana ƙarami ba ya jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofar babba, in an kore shi yau gobe ya komo, ba ya bukatar a tashe shi karatu. Irin wannan babbar jami'a ganima ce a gare shi, domin asibiti yana bayan ɗakin kwanansa, yana iya ganin tiyata, ya shiga binciken da ƙaramar kwaleji ba ta da na'urarsa. Kwalejoji da yawa suna ƙauyuka ne nesa da babban asibiti, ɗalibinsu sai ya jira hutu kafin ya sami majiyyacin da za ya tsaya kusa da shi, in bai yi hankali ba ya fito kifin rijiya. Haka kuma yaron da ya sake shawara a tsakiya, ya ga injiniya ko aikin jinya ko haɗa magunguna ya fi dacewa da shi, a babbar jami'a sai ya tsallaka titi kurum. Ga baƙo kuma akwai kewa: a babban gari ya fi samun 'yan ƙasarsu da abincin da ya saba. Uba ya san ɗansa. Abin tsoro shi ne kowane uba yana zaton nasa ne mai iya kasuwa.

Na biyu, kuɗi, wanda shi ne ke yanke hukunci a gidaje da yawa. Jonas Salk, wanda ya fito da allurar rigakafin shan inna a 1955, ɗan talakawa ne, ya yi digirinsa na farko a Kwalejin Birnin New York, makaranta mai cunkoso, domin a zamanin ba a biyan ko kwabo. Da ya nace sai zaure mai tsada, watakila da bai yi karatun ba sam. A 2023 ɗan jiha yana biyan wajen dala 11,000 a shekara kuɗin karatu a jami'ar jiharsu, wanda ba ɗan jiha ba kusan 30,000. Shahararrun ƙananan kwalejoji kuwa kuɗin karatu kaɗai ya wuce 60,000, in an haɗa da ci da kwana ya haura 80,000. Ga makarantar likita tana jira a gaba, wadda masu fita daga cikinta da bashi matsakaicinsu wajen dala 200,000 ne. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, amma wannan ya wuce hanji. Likitan da ya fito da irin wannan kaya ba ya zaɓen fannin da ya ke so ko garin da a ke bukatarsa, bashin ne ke zaɓa masa. Sai dai fatake sun san farashin da aka yi wa kaya suna dabam, wanda aka sallama dabam. Kwalejoji masu dukiyar wakafi suna rage wa mai ƙaramin ƙarfi da yawa. Amherst tun 2008 ta daina haɗa rance cikin tallafinta, ta kuma shiga karɓar 'yan ƙasashen waje ba tare da duba aljihunsu ba. Saboda haka ba a yanke shawara sai takardun rangwame sun zo an jera su a tabarma an gwama.

Akwai wani algus da ya kamata a sani. Makarantu, manya da ƙanana, suna buga talla su ce kashi kaza cikin ɗari na ɗalibanmu masu neman likita an karɓe su, adadin kuwa mai daɗin ji. A wasu wuraren akwai kwamiti mai rubuta wasiƙar makaranta, wanda ba ya rubuta wa mai raunin maki, ko ya ba shi shawara ya haƙura, sa'an nan a ƙidaya waɗanda aka rubuta wa kaɗai. Tamkar mai hatsi ne ya tsince tsakuwa daga saman buhu ya ce a duba. Tambayar da za ta tona gaskiya ita ce: mutum nawa suka shigo shekarar fari da niyyar likita, nawa daga cikinsu suka kai ga nema, kuma ana rubuta wa kowa ko ana zaɓe? A ƙara da tambayar mutum nawa ke zama a darasin sinadarai na farko, wa kuma ke duba aikinsu. Makarantar da ta yi ta kewaye-kewaye ta riga ta ba da amsa. Wanda ya biya bisa hoton gine-gine da ke cikin ƙasida ya yi cinikin biri a sama.

Saura magana guda, wadda ta fi shafar mutanen wannan nahiya, ita ce kuma masu dillancin makarantu ba su cika faɗa ba. Duk abin da aka ambata a sama ya fi aiki ne ga yaron da ya ke ɗan ƙasar Amurka ko mai takardar zama ta dindindin. Baƙo mai bizar karatu ƙofarsa ƙunci gare ta ƙwarai. Mafi yawan makarantun likita na can ba su karɓar baƙi ko kaɗan. A 2019 baƙi kusan 1,900 suka nema, waɗanda suka shiga ba su kai 300 ba, a duk faɗin ƙasar. Baƙo ba ya samun rancen gwamnatin tarayya, wasu makarantun kuma sai ya nuna kuɗin shekara huɗu, ko ya ajiye su a asusu, kafin ya zauna aji. Ana iya samun attajirin da ya sayar da fili da shanu ya biya shekara huɗu, yaro ya fito da maki mai kyau, sa'an nan a tarar babu ƙofa. In dai an ƙudura sai an bi wannan hanya, to a nan zaure mai rangwame ya ƙara rinjaye, domin baƙo ba ya cin rahusar ɗan jiha a babbar jami'a, kuma shi ne ya fi kowa bukatar malamin da za ya tsaya masa da wasiƙa mai nauyi.

Akwai kuma wata hanya wadda ba ta bi ta kasuwa ko zaure ba. Kimanin ɗaya cikin huɗu na likitocin da ke aiki a Amurka a wata ƙasa suka yi makarantar likita, 'yan Nijeriya da yawa suna cikinsu. Yaro ya yi shekara shidansa a Zariya, ko Kano, ko Ibadan, ko Maiduguri, ya zauna jarrabawar lasisi ta Amurka mai suna USMLE, ya nemi gurbin ƙwarewa a asibitocinsu. Ita ma ba ta da sauƙi, ana faɗuwa, ana kuma jira, amma wanda bai samu ba yana nan da takardarsa ta likita a hannu, ga majiyyata a ƙofar gida.